Wace waya ko igiya zan rataye firem ɗin hoto da ita? Tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan kusan kullum su ake maimaitawa. Mutum an sa mishi hoto a firem mai kyau, ya dawo gida ya juya bayan yaga babu abun ratayewa, ko kuma akwai wani siririn zare da shi kanshi bai yarda dashi ba. Shine na tara su waje ɗaya daga masu sauƙi zuwa masu ɗan lissafi. In kana sauri to karanta ta nauyi da ta jan waya tamau, rabin matsalar anan take.

Wai ba kowace igiya ce zata yi ba? Hoto ne fa kawai

Ranar farko kam kowacce zata yi, har zaren ɗinki ma in ka ninka shi zai riƙe. Matsalar ita ce hoto ba kwana ɗaya zai yi a bango ba, shekaru zai yi yana rataye dare da rana, zafi yazo sanyi yazo, danshi ya shiga, a buga ƙofa bango ya girgiza, mai goge ƙura ya taɓa shi, duk wannan akan igiyar yake ƙarewa kuma tana baya ba wanda yake ganin halin da take ciki.

Ni kaina sai da abun ya faru dani na ɗauke shi da muhimmanci. Hoton mahaifina ne, na rataye shi da kirtani wanda na ciro daga jikin wani kwali, ya kai shekara uku lafiya lau, wata rana cikin dare muka ji tartsatsin gilashi kowa ya farka a firgice. Da na ɗaga firem ɗin ƙusar tana nan daram a bango, kirtanin ne ya cinye daidai inda yake zaune akan ƙusar, silin ƙarshe ne ya tsinke. Gilashi dai an sake wani amma tsinin da ya karce fuskar hoton har yau yana nan.

To waya iri nawa ce ake yi musamman saboda rataye firem?

Uku ne zaka fi haɗuwa dasu. Akwai wayar ƙarfe mai kitso, wato siraran silin waya da yawa aka tufke su waje ɗaya aka shafa musu sinadarin hana tsatsa, tana da laushi tana lanƙwasuwa yadda kake so, ita aka fi sani kuma ta isa ƙanana da matsakaitan firem. Aibinta bakin da aka yanka yana warwarewa ya soki yatsa, kuma in shafen ya goge tsatsa tana kama ta.

Sai wadda aka yi da ƙarfen da baya tsatsa, ita tafi ƙarfi in aka gwada su kauri ɗaya, bata cika miƙewa ba, sai dai tana da ɗan taurin kai wajen naɗewa. Ta ukun kuma waya ce da aka lulluɓe da siririyar roba, bata sukar hannu bata karce fenti, in za'a tambayeni ita nake ba wanda bai saba ba shawara ya ɗauka. Abun da ya haɗa su duka shine sili da yawa. Wayar da take sili da yawa in zata mutu ɗaya bayan ɗaya suke tsinkewa, kana iya gani ka canza, mai sili ɗaya kuwa babu sallama.

Ya zan san nauyin firem ɗina? Bani da sikelin kaya

In akwai sikelin awon mutum, hau kai kaɗai ka duba, sannan ka rungumi firem ɗin ka sake hawa, bambancin shine nauyinshi. Ƙaramin firem kuma sikelin kicin ya wadatar.

In babu ko ɗaya ana iya ƙiyasi, dan yawanci gilashi ne yake kawo nauyin ba hoton ba. Gilashi mai kaurin milimita 2 yana da nauyin kilo 5 a duk murabba'in mita ɗaya, mai milimita 3 kilo 7.5, mai milimita 4 irin na madubai da yawa kilo 10. Kenan firem mai santimita 50 da 70 da gilashin milimita 2, gilashin kaɗai kilo 1.75 ne, mai 60 da 90 da gilashin milimita 3 ya ɗan haura kilo 4, kuma ba'a sa katakon firem da allon baya ba tukuna. In robar nan ce mai kama da gilashi aka sa, nauyinta kusan rabin na gilashi ne in kaurin ɗaya. Duk abun da ƙiyasi ya baka ka ƙara akai, kar ka rage.

Naga lambobi a jikin kwalin wayar, wace zan bi?

Nan mutane suke ruɗewa. Lambar girma irin su 2, 3, 4 zuwa sama tana nuna kauri ne kawai, kuma lamba 4 ta wannan kamfani ba lallai tayi ƙarfin lamba 4 ta wancan ba, balle in ɗaya mai kitso ce ɗaya kuma mara tsatsa. Dan haka nauyin da aka rubuta zaka nema, kuma ka lura da kyau me ake nufi dashi. Wani kwalin yana faɗin nauyin firem ɗin da wayar zata iya ɗauka, wani kuma yana faɗin nauyin da wayar take tsinkewa ne, su biyun ba ɗaya bane ko kusa.

In nauyin tsinkewa aka rubuta, abun da masu haɗa firem suke bi shine ya zama ya ninka nauyin firem ɗinka sau uku zuwa huɗu. Firem kilo 4 kenan waya mai tsinkewa a kilo 12 zuwa 16 ko fiye. Dalilin wannan ninkin yana cikin amsar jan waya tamau a ƙasa. In kaga lb a gaban lambar to laba ce ba kilo ba, laba ɗaya kilo 0.45 ce, wato 20 lb wajen kilo 9 kenan, kar ka ga 20 ka ɗauka kilo 20 ne. In kuma babu rubutun komai a jiki, ka ɗauke ta a matsayin ta ƙananan hotuna kawai.

Zaren kamun kifi fa? An ce yana da ƙarfi kuma ba'a ganinshi

Ƙarfin da aka rubuta mishi gaskiya ne amma na fizga ne na ɗan lokaci, ba'a yi shi dan ya ɗauki kaya shekara da shekaru ba. Yawanci nailan ne, in ya daɗe da nauyi a kanshi yana miƙewa a hankali, sai kaga hoton da ka daidaita da na kusa dashi ya sauko bayan wata biyu. Hasken rana yana cin shi ya bushe ya zama mai karyewa, ƙulli yana rage mishi ƙarfi sosai kuma yana da santsi ƙullin yana zamewa, sannan ɗan kaifi kaɗan a bakin ƙusa ko zoben bayan firem da ake ɗaura shi a jiki ya ishe shi ya tsinke.

Kuma batun ba'a ganinshi, ai a bayan firem yake, wa zai gani dama? Inda yake da amfani shine in daga sama zaka sako hoton zaren yana fili, nan ma akwai mai kauri wajen milimita 2 da ake yi musamman wa wuraren baje kolin hotuna, shi ake nema ba na fatsa ba. Hoto ƙarami mara gilashi wanda ko ya faɗo ba asara, to bismillah.

Ina da ragowar wayar wuta a gida, zan iya amfani da ita? Ko wayar ɗaurin rodi?

Wayar wuta jan ƙarfe ce, an zaɓe shi ne saboda yana wuce da lantarki da kyau ba dan ɗaukar kaya ba, yana da laushi yana miƙewa, robar jikinta kuma tana sa naɗin ya sulale. Mai sili ɗaya ta ciki in ka lanƙwasa ta sau biyu uku a waje ɗaya wajen yana taurare ya karye, ka gwada da hannu ka gani. Wayar ɗaurin rodi ma sili ɗaya ce kuma tsatsa take yi da wuri, har ta bar jan tabo a fenti. A matsayin maneji na kwana biyu akan firem mara nauyi ba zan ce komai ba, amma irin wannan manejin ne yake zama shekara biyar an manta.

Ni nafi son igiya akan waya, akwai wadda ta dace?

Akwai. Igiyar roba mai saƙa wadda ake yi dan firem, musamman ta foliyesta wadda bata cika miƙewa ba, tana aiki sosai akan firem masu sauƙin nauyi zuwa matsakaita, tana da daɗin ɗauri, bata tsatsa, bata karce bango. In ka yanka ta ka ɗan nuna bakin wa wutar ashana ya narke ya haɗe, in ba haka ba zata warware. Ta nailan ma tana yi amma tafi miƙewa, sai ka sa ran hoton zai ɗan sauko.

Wadda nake hana mutane ita ce ta auduga da kirtani da igiyar rama da duk danginsu. Suna shan danshi, suna ruɓewa daga ciki waje yana nuna lafiya, ƙwari suna ci, kuma gogayya da ƙusa tana cinye su, labarina na tambayar farko kenan.

Na ja wayar tamau ta miƙe sambal dan kar hoton ya yi lilo, ba haka ake yi ba?

A'a, wannan shine kuskuren da yafi kowanne yawa kuma masu son aiki mai kyau ne suka fi yinshi. Ka tuna igiyar shanya. In ka ja ta ta miƙe kamar tsirkiya sannan ka ɗora jiƙaƙƙen bargo a tsakiya, ko igiyar ta tsinke ko ta tumɓuke ƙusoshin gefe, amma in ka bar ta da ɗan sassauci bargon nan ɗaya zata ɗauka ba ko gezau. Nauyin bargo bai canza ba, yanayin jan ne ya canza. Igiyar da ta kusa kwanciya a miƙe sai ta ja gefe da gefe da ƙarfin gaske kafin ta samu ɗan abun da zata ɗaga sama dashi.

Bari in sa lamba a kai. Ɗauki firem mai kilo 4, tsakanin zobbanshi biyu santimita 40. In ka ja tsakiyar wayar sama da yatsa ta tashi santimita 11 zuwa 12 daga layin zobban, wato kusurwar digiri 30, kowane ɓangaren wayar yana ɗauke da jan kilo 4 ne. In ta tashi santimita 3 da rabi kacal, wato digiri 10, jan ya koma kusan kilo 11 da rabi. In ka matse ta har tashin bai kai santimita 2 ba, wajen digiri 5, jan ya kusa kilo 23. Firem ɗin kilo 4 ne fa har yanzu. Kaga wayar da aka ce tana tsinkewa a kilo 16 wadda muka ce ta isa, ka kashe ta da hannunka.

Kuma ba wayar kaɗai take wahala ba, wannan jan yana komawa kan zobban yana fizgo su ciki, sukurun ya fara sassautawa, katakon gefe ya fara lanƙwasowa, haɗin kusurwoyin firem ya buɗe baki. Sau da yawa in aka ce waya ta tsinke, in ka duba zobe ne ya fita da guntun katako a jikinshi. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, tashin wayar a tsakiya ya ɗan fi kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar zobban. In faɗin firem ɗin yayi yawa har hakan ba zai yiwu ba sai wayar ta leƙo sama, duba amsar ƙugiya biyu.

Tsawon nawa zan yanka?

Auna tsakanin zobban, ƙara wajen kashi 15 cikin 100 saboda sassaucin da muka yi magana a sama, sannan ka ƙara santimita 10 ta kowane gefe na ɗauri. Tazarar 40 kenan zata ci 46, da na ɗauri ya zama 66. Ka yanka da filaya mai kaifi, almakashi zai tauna wayar ne kawai shima ya dakushe. Gara ta yi yawa ka rage, waya gajera ba'a yi mata ƙari da ƙulli a tsakiya. Kafin ka ɗaure gefe na biyu ka ja tsakiyar sama ka tabbatar ta tsaya aƙalla santimita 4 ko 5 ƙasa da saman firem, dan ƙugiyar bango ta ɓuya.

A ina zan ɗaura zobban, kuma wane iri ne yafi?

A jikin katakon gefe biyu, kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon firem daga sama, wasu suna yin ɗaya cikin huɗu, duk yayi. Firem mai tsawon 60 kenan santimita 15 zuwa 20 daga sama. Ka auna duka gefen da tef ka sa alama da fensir, kar ka yi da ido. Kar ka ɗaura a jikin siririn allon baya sai in hoton ƙarami ne sosai, dan allon nan ƙananan ƙarafa ne kawai suke riƙe dashi.

Zobe mai siffar harafin D wanda yake kwance da ɗan falle ana ɗaure shi da sukuru yafi sukuru mai ido, wato wanda kanshi zagaye ne. Mai idon yana tsayawa tsaye ne, waya tana jan kanshi ta gefe kamar ana ɓamɓarar shi, kuma yana tokare bango ya karce fenti. Mai D in firem ɗin yana da nauyi ka ɗauki mai ramin sukuru biyu, ka ɗan karkata shi ya kalli inda wayar ta nufa. Ka fara huda ɗan siririn rami kafin ka sa sukuru dan kar katakon ya tsage, ka kuma gwada tsawon sukurun da kaurin firem, na taɓa ganin wanda tsininshi ya ɓullo ta gaba, abun ba kyan gani. Firem da yawa na yanzu ba katako bane na gaske, garin katako ne aka matse ko roba mai kumfa, basa riƙe sukuru da kyau, dasu sai ka ƙara kula da sassaucin waya. Na alminiyam kuma yana da nashi maratayi da yake shiga cikin kwarin da yake bayanshi, ba'a huda shi.

Wane ƙulli ake yi? Nawa kullum sai ya zame

Naɗi kawai ba ɗauri bane, shi yasa yake zamewa. Zura bakin wayar cikin zoben daga ƙasa ya fito sama, zagaya dashi ta bayan doguwar wayar, ka sake mayar dashi cikin zoben daga sama zuwa ƙasa, sai ka ja da filaya ya matse, zaka ga ya zauna a wuyan zoben kamar zarge. Wannan shi yake ɗaukar nauyin. Ragowar jelar sai ka naɗe ta a jikin doguwar wayar, naɗi a matse kusa da kusa kamar sau shida zuwa takwas, ka yanke saura ka danne tsinin, in mai kitso ce ka lulluɓe wajen da ɗan salatif saboda yatsun wanda zai sauke hoton gaba.

Da ka gama ka ɗaga firem ɗin da wayar a tsakiya, ɗan tashi kaɗan daga kan katifa ko kujera, ka ɗan girgiza. In zai zame gara ya zame anan. Waya mai kauri sosai wadda bata ƙulluwa kuma, ɗan bututun alminiyam ake zura mata a matse da filaya ta musamman. Igiyar roba ƙulli biyu akan juna sannan a ɗaure jelar a jiki.

Ƙugiya ɗaya ko biyu a bango?

Ƙaramin hoto ɗaya ta isa. Da zarar faɗin ya kai wajen santimita 60 ko nauyin ya fara yawa, biyu tafi ta kowace fuska. Misali zobban suna da tazarar santimita 100, da ƙugiya ɗaya sai wayar ta tashi kusan santimita 29 kafin ta kai digiri 30, in firem ɗin kwance yake ba dogo ba babu wannan filin. Amma in ka kafa ƙugiya biyu tazarar 70, kowane gefe saura 15 ne tsakanin zobe da ƙugiya, tashin santimita 12 kawai ya baka kusan digiri 39, jan da yake kan wayar ya sauko ƙasa da nauyin firem ɗin. Ga shi nauyin ya rabu biyu a bango, kuma hoton ya daina karkacewa duk sanda aka rufe ƙofa. Wahalarta ɗaya ce, dole su biyun su zama layi ɗaya, sai ka auna daga ƙasa ko ka sa ma'aunin magina mai ɗigon ruwa.

Hotona kullum a karkace, wani kuma samanshi ya sunkuyo gaba

Karkacewa gefe yawanci wayar ce take zamewa akan ƙugiya ɗaya, ko zobban ba tsawo ɗaya suke ba. Ƙugiya biyu tana maganin na farko, na biyun sai an kwance an sake awo. Ƙananan robobi masu gam da ake mannawa a kusurwoyin ƙasa ta baya suma suna taimakawa, suna kama bango, kuma suna barin iska tana wucewa ta baya.

Sunkuyowa kuma ko zobban sun yi ƙasa da yawa, kusa da tsakiya, ko wayar tayi sako-sako fiye da kima, ko sukuru mai ido ne. Ka matsar da zobban sama zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Kar dai ka ce zaka gyara da matse waya, ka koma amsar tamau ka gani.

Babban firem ne mai nauyi sosai, ko madubi, wace waya ce mafi ƙarfi?

Gaskiya in abu ya kai kilo 15 zuwa sama ni bana neman waya mafi ƙarfi, cire waya nake daga lissafin gaba ɗaya. Ko da wayar zata ɗauka, jan da take yi wa gefen firem yana nan. Madubai da yawa ma zaka ga an manna takarda a baya an ce kar a sa waya, kuma mutane suna sawa. Hanya ta farko, zobba masu D manya guda biyu a tsaye, kowanne ya hau tashi ƙugiyar ko kan sukuru a bango kai tsaye. Ta biyu, katako ko ƙarfe biyu masu bakin da aka yanka a karkace digiri 45, ɗaya a bango bakinshi yana kallon sama ɗaya a bayan firem yana kallon ƙasa, sai su shiga juna, nauyin ya bazu a duk faɗin kuma firem ya kwanta a bango lif. Duk abun da zai zauna saman gado ko inda yara suke wasa, ko bai kai wannan nauyin ba ni hakan nake yi mishi.

A ɗaya gefen kuma, ɗan ƙaramin firem da bai kai kilo 1 ba shima baya buƙatar waya, ɗan ƙarfen nan mai haƙora kamar zarto da ake kafawa a tsakiyar sama ya ishe shi.

Wajen yana da danshi, kusa da banɗaki ne ko kicin

Wayar da bata tsatsa, ko mai rigar roba wadda cikinta ma mara tsatsa ne, ko igiyar foliyesta in nauyin kaɗan ne. Ka tuna zobe da sukuru da ƙusa suma ƙarfe ne, ba amfani wayar ta tsira sukurun ya ruɓe. Haka in kusa da teku kake dan iskar gishiri tana cin ƙarfe da sauri. Ka sa robobin kusurwa da na ambata a amsar karkacewa saboda bayan firem ya rinƙa shan iska. In kuma hoton guda ɗaya ne tak ba'a da wani, ka sa a yi kwafi ka rataye kwafin anan, danshi yana manne hoto da gilashi kuma in ya manne da wuya ya rabu lafiya.

Na sayi waya mai kyau, to ƙusar bangon fa?

Abun sarƙa ne, bango, ƙugiya, waya, ƙulli, zobe, sukuru, katako, wanda yafi rauni a ciki shi yake yanke hukunci. A bangon siminti ko bulo, ƙaramin hoto ƙusar kankare zata yi, mai nauyi kuma a huda da inji a cusa robar nan ta rami a ɗaura sukuru, kuma ramin ya wuce filasta ya shiga bulon kanshi. A bangon allon jifsam wanda cikinshi fanko ne, ko ka nemo inda ginshiƙin yake ka ɗaura a jikinshi ko ka sa maƙalin da yake buɗewa ta bayan allon. Ƙusa ta shiga a karkace kanta yana kallon sama, ƙugiyoyin hoto na gaske ma haka ramin ƙusarsu yake. Kuma waya tafi son zama akan ƙugiya mai santsi, zaren sukuru yana da kaifi yana cin ta, igiya kam ba'a magana. Kafin ka huda ka kauce wa layin da yake saitin soket da makunnin wuta, sama da ƙasa da gefe, dan nan wayoyin lantarki suka fi bi.

Masu gam ɗin nan da ake mannawa ba huda suna yi akan bango mai santsi da fenti mai ƙwari, da firem mara nauyi, kuma a jikin firem ake manna su kai tsaye. Bango mai gari ko fenti mai ɓarewa, fentin zai taho tare dasu.

Ina so igiyar ta fito fili dan ado, kamar alwatika a saman hoton

Yana da kyau kuma ta fuskar lissafi ma mai sauƙi ne, tunda igiyar ta tashi sosai jan kaɗan ne. Sai dai igiyoyin ado yawanci auduga ce ko rama ko ribon, waɗanda na ce a guje musu, ga shi yanzu suna fili rana da ƙura suna samunsu. Dabarar ita ce ka rataye hoton da waya ta gaske a ɓoye a baya, igiyar adon kuma ta hau tata ƙusar a sama ba tare da ta ɗauki komai ba. In kana so abun da ake gani shine yake ɗauka, sarƙar ƙarfe ko ta tagulla wadda aka rubuta nauyinta, ka duba bakin kowane zobe a rufe yake.

Na gaji tsohon firem da wayarshi a jiki, in barta? Kuma yaushe ake canzawa?

Canza ta kawai, aikin minti goma ne kuma baka san shekarunta ba. Ka duba ramukan sukurun ma, tsohon katako yana bushewa ramin ya yi faɗi, in sukurun yana juyawa baya kamawa ka huda sabon rami santimita 2 sama ko ƙasa da tsohon, duka gefen biyu daidai.

Waɗanda suke bango kuma sau ɗaya a shekara ka sauke su ka juya. Ka bi wayar da tsumma a hankali, in tsumman ya maƙale to sili ya tsinke, musamman a tsakiya inda take hawa ƙugiya da wajen ƙulli. Ka duba tsatsa, ka duba robar in ta tsage, ka girgiza zoben da yatsa, ka kalli kusurwoyin firem ko sun fara buɗewa, ka taɓa ƙugiyar bango kaji ko tana motsi. Wayar da ta taɓa lanƙwashewa tayi gwiwa kar ka miƙar da ita ka mayar, wajen ya riga yayi rauni. In manyan firem ne ku zama ku biyu wajen saukewa, ɗaya ya riƙe ƙasa ɗaya ya leƙa baya ya zare wayar daga ƙugiya.